Waɗanda suka taɓa amfani da na'urar AED, yaya kuka ƙare?

Sabon direban motar asibiti: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu horo kan AED, na'urar nan da ke ba zuciya shokin idan bugunta ya rikice ta daina harba jini. A aji komai sumul yake tafiya, tunda 'yar tsana ce a kwance. Ina son jin ta bakin waɗanda suka yi a kan mutum.

Nas a Kano: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ruwa ne ya ba ni wahala. Ka san halinmu, mutum na yanke jiki ya faɗi sai a juye masa buta. Na tarar da dattijon sharkaf, filastocin na'urar da ake mannawa a ƙirji sun ƙi kama fata, sai da na goge ƙirjin da mayafina kafin na manna ɗaya ƙasan allon wuya ta dama, ɗaya ƙasan hammata ta hagu. Sai kuma taro. Na'urar na cewa kowa ya janye hannu, amma da Turanci, ga wani na jijjiga shi, wani na tofa masa addu'a. Addu'a kam a yi ta, amma daga gefe, don taɓa shi na hana ta karanta bugun zuciyar. Ka sami mai babbar murya ya kora maka mutane.

Mai gadi a Landan: Anti, mu a nan na'urorin da yawa a akwatin bango suke a kulle, sai ka kira 999 a ba ka lambar buɗewa. Hannuna na rawa na danna. Da na buɗe rigar mutumin ga gashi cunkus a ƙirji, Allah Ya sa akwai reza a jakar na'urar, don gashi na hana filasta kamawa.

Ma'aikacin otal: Ku naku ma da sauƙi. Tamu tana ofishin manaja, makulli na aljihunsa, shi kuma ya fita. Da aka ɓalle ƙofar, batirin ya mutu, wa'adin filastocin ya wuce tuni, gam ɗinsu ya bushe. Baƙon bai tashi ba, Allah Ya jiƙansa.

Likita: Amin. Abin da na fi gani shi ne na'urar ta ce ba za ta ba da shokin ba, sai mutane su ɗauka ta lalace ko rai ya yi halinsa, su tsaya. Ba haka ba ne. Zuciyar da ke karkarwa ba tsari take ba shokin, wadda ta yi ɗif kuwa shokin ba ya mata komai. A ci gaba da danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Duk bayan minti 2 za ta sake dubawa. Christian Eriksen, ɗan ƙwallon Denmark da ya faɗi a fili a Kofanhagan a 2021, dannawa da shokin cikin gaggawa ne suka zama sanadin tashinsa.

Nas a Kano: Likita, ka bar ɗaya: mace. Na ga maza sun ja da baya saboda sai an buɗe ƙirji, alhali filasta ba ta aiki a kan riga. Mata biyu na sa suka riƙe zani suka kare ta, na manna, na mayar mata da hijabinta a kai, muka ci gaba da dannawa har motar asibiti ta iso.