Mu kafa dandalinmu ko mu ci gaba da zaman haya?

Injiniya: Salamu alaikum 'yan uwa. Kun ji an rufe wa ɗaya daga cikinmu shafin da yake tallar takalma, mabiyan da ya tara duk sun tafi, kuma babu ɗan adam ɗin da zai kai wa ƙara. Maganata ɗaya ce: muddin a dandalin wasu muke, 'yan haya ne mu. Mu kafa sabarmu ta Mastodon, wato kwamfutar da za ta riƙe dandalinmu, a nan Jos, da sunan ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, daga ranar babu mai iya rufe mana baki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hajiya: Wa alaikumussalam. Ƙanena, fara gaya mana mene ne Mastodon ɗin tukuna.

Injiniya: Manhaja ce irin Twitter, wadda yanzu ake kira X, Hajiya, wani Bajamushe mai suna Eugen Rochko ya fitar da ita a 2016, kuma kyauta ce, kowa zai iya ɗora ta a kan kwamfutarsa. Ba kamfani ɗaya ke riƙe da kowa ba. Sabobi ne dubbai, kowace da mai ita da dokokinta, amma suna magana da juna ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub. Yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa, haka wanda ke sabarmu zai bi wanda ke wata saba a Kenya ko Jamus, ya yi masa sharhi. Shi ya sa sunan mutum ke da gaɓa biyu, nasa da na sabarsa. Akwai Pixelfed ta hotuna, akwai PeerTube ta bidiyo, duk layi ɗaya.

Barista: Bayanin ya yi, amma "babu mai iya rufe mana baki" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Ranar 5 ga Yunin 2021 da aka toshe Twitter a ƙasar nan, ba ofishinsu na Amurka aka je aka sa wa kwaɗo ba. Kamfanonin waya aka ba umarni, suka datse hanyar, sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. Wanda ya iya datse Twitter, adireshin tsofaffin ɗaliban wata sakandare a Jos ne zai gagare shi?

Injiniya: Yallaɓai, misalinka ni yake taimaka wa. Twitter ƙofa ɗaya ce, shi ya sa umarni ɗaya ya isa. A nan sai an bi sabobi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka tuna inda hukumomi suka koma a lokacin, Koo, wata manhajar Indiya mai kama da Twitter. Ina Koo yau? Ta rufe a 2024, duk abin da aka zuba a ciki ya bi ta.

Auta: Yaya Injiniya, a Zamfara a Satumbar 2021 ba su tsaya bin adireshi ba fa, sabis ɗin waya gaba ɗaya aka kashe. Sabarka tana nan tana ta huci a ƙarƙashin tebur, ba mai iya shiga 😂

Injiniya: Wannan kuma ko Facebook bai tsira ba, Auta. Kada ka haɗa min ciwo biyu.

Hajiya: Ni ku bar zancen gwamnati. Matan da ke sayen atamfa da leshi a wurina, daga Bukuru har Bauchi, a WhatsApp da Instagram suke. Na ɗora hoto da safe, kafin azahar an tambayi kuɗi. In na koma can wa zan tarar? Ku ɗin nan da ko ɗankwali ba ku taɓa saya ba?

Injiniya: Ba a ce ki bar can ba, Hajiya. Ki riƙe duka biyun. Ko Threads na Meta, kamfanin da ke da WhatsApp da Instagram, ya fara buɗe ƙofa ga wannan tsarin tun 2024.

Hajiya: Wato aiki biyu, ciniki ɗaya. Na gode.

Malam: Ku ba ni dama. Ni ba kuɗi ko toshewa ne damuwata ba, garin da muke ciki ne. Mu mutanen Jos mun san abin da jita-jita ke yi. A Yunin 2018, lokacin rikicin Barkin Ladi, an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook da sunan a nan aka ɗauke su, daga baya binciken BBC ya nuna wasu ma ba na ƙasar nan ba ne. To a sabar taku, idan wani ya ɗora irin wannan da ƙarfe biyun dare ya ce ana kashe-kashe a Farin Gada, wa zai sauke shi? Injiniya yana barci. Kafin asuba hoton ya tsallaka sabobin da ke bin mu, kuma in ka goge naka, saƙon gogewa kawai kake aikawa, ba ka da iko a kan kwamfutar wani. Balle wanda ya riga ya ɗauki hoton allo ya kai WhatsApp.

Injiniya: Malam, Allah ya ƙara lafiya, a kan wannan gaɓar ma na fi ƙarfi. A babban dandali, wa ke duba rubutun Hausa? In ka kai ƙorafi sai ka jira wanda bai san Gangare ba, bai san Anguwar Rukuba ba, bai san wace kalma ce ke tayar da unguwa ba. Mu mun sani. Mu za mu rubuta dokarmu, mu rufe rajista sai wanda aka gayyata, duk sabar da ke zubo ƙazanta mu toshe ta gaba ɗaya.

Malam: Kun sani, na yarda. Amma za ku iya? Nan zauren mu nawa ne, bara da zaɓen shugabanni ya zo aka rasa admin ɗin da zai cire maganar da ta wuce gona da iri, saboda mai maganar yayan matarsa ne. Wanda ba ka sani ba ya fi sauƙin hukuntawa.

Barista: Ga kuma abin da ba a faɗa ba. Saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba kamar na WhatsApp ko Signal. Mai riƙe da saba zai iya karanta shi in ya ga dama. Ba zargin ka nake ba, Injiniya, amma ranar da jami'ai suka zo da takarda, ba California za su je ba, shagonka na Ahmadu Bello Way za su tsaya. A Amurka an yi haka a 2023: FBI ta kwashe kwamfutocin wani mai kula da wata sabar Mastodon, ashe akwai kwafin bayanan mambobi a ciki ba a kulle ba. Mu ma muna da dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanai ta 2023. Da ka tara imel da hotunan mutane, nauyin kiyaye su ya hau kanka.

Auta: Ni tambayata ta wuta ce. A shago za a ajiye ta ko haya za a kama a waje?

Injiniya: Ina da ƙaramar kwamfuta, ga sola da batir, sanyin Jos ma ya rage mana zafin inji.

Auta: Batirin da ke fara kuka tun kafin asuba in an yini da hadari? Watan Agusta fa yana zuwa. Kuma faifanta ba rubutunmu kaɗai zai ɗauka ba, duk hoton wanda muke bi a waje sai ta ajiye kwafinsa, in ba a share ba ya cika. Sannan ga sabunta manhaja duk lokacin da aka gano wata kafa. In kuwa haya za ka kama a Turai, da dala za a biya duk wata, kuma mun koma gidan hayar da ka ce mu fita.

Injiniya: Hayar da zan iya kwashe kayana in koma wata a wuni ɗaya, adireshinmu na .ng yana hannunmu. Ba ɗaya ba ne.

Barista: Kai za ka iya kwashewa. Hajiya fa? In ta ɓata da kai ta yi ƙaura zuwa wata saba, mabiyanta za su bi ta, amma tsofaffin rubuce-rubucenta ba sa bin ta. In kuma sabar ta mutu kafin ta yi ƙaurar, har mabiyan sun tafi. Ka ga ita mai gida kawai ta canza.

Hajiya: Gara ma wannan, na san gidan su, na san mahaifiyarsa. Ya rufe min shafi ya gani.

Shugaba: To, dare ya yi. Ga abin da na tsinta. Ba za a taɓa kuɗin asusun marayu don wannan ba. Injiniya, in kana so ka gwada da mutum ashirin na wata uku, bismillah, amma da sharaɗi: kalmar sirrin sabar da ta adireshin su kasance a hannun mutum uku, a riƙa ajiye kwafi a wani wuri ba shagonka ba, kuma Barista ya rubuta dokar kafin a buɗe. Saura masu gadin dare. Malam, kai ka kawo maganar, za ka karɓi daren Juma'a?

Malam: Ranka ya daɗe, ni ƙarfe goma nake kashe waya. A ba Auta.

Auta: Wa zai sa min data?