Me ya sa muka fi sanin siyasar Kano da Abuja a kan ta Legas da muke zaune?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni. Duk majalisar da ka zauna a Agege bayan isha'i, wajen mai shayi ko bakin masallaci, kowa ya duƙufa kan waya yana bin labarin siyasa, amma yawancinmu kanun labari kawai muke gani mu tura gaba ba ma buɗe cikinsa, in labarin ya taɓa gwanin mutum to ƙarya ne biyansu aka yi, in ya yabe shi kuma sahihi ne ko da ba a san wanda ya rubuta ba. Abin da ya fi damuna ma, mutum ya shekara ashirin a Legas zai karanto maka rikicin masarautar Kano tun daga dawo da Sarki Sanusi a Mayun 2024 har shari'o'in da suka biyo baya, amma tambaye shi sunan kansilan unguwarsa sai ya yi shiru. Me ke jawo haka?

Mai Tumatir Mile 12:
Wa alaikumus salam. Malam ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi wallahi. Ku tuna hana acaba da gwamnatin Sanwo-Olu ta yi daga 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi 6, Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland. Kusan sati biyu kafin ranar aka sanar fa, amma a lokacin hankalin mutanenmu duk yana kan zaɓen fidda gwani na PDP da APC, wa zai samu tikiti wa zai faɗi. Akwai yaron da ke kawo min kaya, babur ɗin bashi ne bai gama biya ba, ranar da aka karɓe shi ya zo ya zauna kan kwando ya kasa magana, shi ne kuma kullum yake ba mu labarin abin da ke faruwa a Abuja.

Hajiya Idi-Araba:
Ɗana ni ban ga laifinsu duka ba. BBC Hausa da DW da RFI labarin Arewa da na tarayya suka fi kawowa, labarin majalisar dokokin Legas kuwa da Turanci ko Yarbanci yake fita, to ɗan dako ko mai gadi a ina zai ji? Da yawa ma ba karantawa suke ba, saƙon murya suke saurare a WhatsApp, wani ya zauna a ɗakinsa ya yi minti goma yana rantse-rantse shi ke nan an gaskata. Ba haka aka yi ta yawo da zancen wai Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan ba, har sai da shi da kansa ya ƙaryata a Poland a Disamban 2018? Sannan katin zaɓen yawancinmu na gida ne, zaɓe na matsowa sai ka ga tasha ta cika ana tafiya Arewa. Inda ƙuri'arka take can hankalinka yake.

Ɗalibi Obalende:
Mama gaskiyarki ne, amma har mu masu Turancin ba mu tsira ba. Kowa ya shiga guruf ɗin 'yan jam'iyyarsa, wanda ya kawo saɓanin ra'ayi a ce ɗan koren wane ne a fitar da shi. Shi ya sa a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 da Peter Obi ya ci Legas da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba a kan Tinubu, mutane da yawa a unguwarmu suka rikice, ba su taɓa sauraren maƙwabtansu da ke wancan ɓangaren ba.

Ɗan Agege:
Hajiya Allah ya ƙara girma, maganar kati ta shige ni. INEC tana ba da damar sauya wurin zaɓe duk lokacin da aka buɗe rajista, ni zan dawo da nawa Agege in sha Allah. Ɗalibi, kai da ke jin Turanci, ko za ka riƙa fassara mana sanarwar gwamnatin jiha da ta shafi kasuwa da sufuri? Ko sau ɗaya a sati ne, ni zan kai wa 'yan majalisarmu.