Neman kalmar Hausa: gilashin da ake narkarwa a jikin ƙarfe

1. Jama'a, sallama. Tun shekaranjiya nake fama da kalmar Turanci ɗaya, enamel, ina son in saka ta a jimlar Hausa ta ƙi zama. Na tambaya, an ba ni amsoshi da dama, yau ga inda na tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

2. Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Gilashi ake niƙawa ya zama gari, a wanke shi da ruwa sau da yawa har ruwan ya daina fari. A goge farantin jan ƙarfe ko azurfa ko zinariya tas, don ko maiƙon yatsa ya taɓa shi gilashin ba zai kama ba. A barbaɗa garin da rariya, ko a jiƙa shi a ɗora kaɗan-kaɗan, a bari ya bushe, sannan a tura cikin tanderu mai zafin digiri 750 zuwa 850 a ma'aunin Salshiyas. Minti biyu ko uku ya isa. Da farko fuskar takan yi kamar an zuba sukari, sai ta yi gurzo-gurzo kamar ɓawon lemu, can sai ta kwanta sumul tana ƙyalli. A nan ake fiddawa. A sake ɗora wani garin, a sake gasawa, wani aikin sai ya shiga wuta fiye da sau goma.

3. Amsar da ta fi yawa ita ce "fenti". A'a, 'yan uwa. Fenti bushewa yake yi a iska, kuma wuta ce ajalinsa. Wannan kuwa da wuta ake yin sa, launinsa ma ba rini ba ne, ma'adinai ne a cikin gilashin kansa: kobal ke ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da kore, ɗan ƙanƙanin zinariya ya ba da ja mai kyau, kuza ta ba da fari. Shi ya sa ba ya koɗewa. Zobba shida na zinariya da aka tono a wani kabari a Kouklia, a tsibirin Saifurus, masu irin wannan ado, sun haura shekara 3,000. Turawa ne suka jawo ruɗanin da suka sa wa wani fenti mai sheƙi sunan, ba dole mu gaji ruɗaninsu ba.

4. Wata 'yar uwa ta ce "tangaran". Hajiya, kin kusa, domin ƙyallin da ke kan tangaran ɗan uwan wannan ne. Sai dai tangaran yumɓu ne a ciki, namu ƙarfe ne.

5. Wani malami ya ce mu ari ta Larabci kawai, "mina", tunda gajeriya ce. Allah ya gafarta Malam, hujjarka tana da ƙarfi. Kalmar ta yaɗu, a Isfahan ta Iran da Jaifur ta Indiya minakari ake kiran sana'ar har yau. Amma ka ce wa Bahaushe "mina" ka ga inda hankalinsa zai tafi, sai wurin jifan Shaiɗan. Kalmar da sai an bi ta da bayani kullum ba ta rage mana aiki ba.

6. Na duba yadda wasu suka yi. Ta Turanci daga Faransanci ta zo, asalinta kuma wata tsohuwar kalmar Jamusawa ce mai nufin narkarwa. Japanawa suna cewa shippo, wato taskoki bakwai. Sinawa suna cewa jingtailan, shuɗin Jingtai, sunan wani sarkinsu na daular Ming da ya yi mulki a shekarun 1450. Wato wani ya kalli wutar, wani darajar, wani launin. Kowa da inda idonsa ya faɗa, mu ma muna da damar zaɓar namu.

7. "Zubin gilashi" ya zo, na ajiye shi gefe, don zubi na mai narka abu ne ya zuba a mazubi. "Shafen gilashi" yana tuna mini magini da bango. "Gashin gilashi" daidai ne a baki, amma a rubuce sai a ɗauka gashin kai ake nufi. "Daɓen gilashi" ya burge ni ƙwarai, har na kwana da shi, sai na tuna daɓe da duka ake yin sa, wannan kuwa ka doke shi ya tsage.

8. Wani dattijo ne ya warware mini. Ya ce, yaro, me ake cewa idan an rufe abu da zinariya har ba a ganin na ciki? Na ce an dalaye shi. Ya ce to me kake nema kuma? Baba, na gode. Dalayewa ita ce a lulluɓe fuskar abu da wani abu mai santsi ya manne ya zama jikinsa. Yadda muke da shafe daga shafewa, da daɓe daga daɓewa, haka za mu ce dalaye. Shawarata ke nan: dalayen gilashi. Mai sana'ar, mai dalayen gilashi. Aikin, a dalaye da gilashi.

9. Na san za a ce ina wutar a cikin sunan? Tana ciki. Babu yadda za a yi gilashi ya dalaye ƙarfe sai an narkar da shi, kamar yadda ba ka cewa ƙirar wuta, ƙira kawai ta wadatar.

10. Abin da ya sa na natsu da ita shi ne tana haihuwa. Akwai salon da ake lanƙwasa siraran wayoyi a kan faranti su zama ƙananan ɗakuna, a cika kowanne da launinsa, irin na Rumawan Kustantiniya da ke jikin wani allon zinariya na cocin San Marko a birnin Benis na Italiya: wannan dalaye mai shinge. Akwai wanda ake ƙwaƙule jan ƙarfen a cika ramukan, wanda garin Limoj na Faransa ya yi suna da shi tun ƙarni na 12: dalaye mai gurbi. Wanda ba shi da ƙarfe a baya, haske yana ratsa shi: dalaye mai taga. Wanda ake yi wa ƙarfen zane mai laushi da inji sannan a rufe da gilashi garai-garai, irin na kayan ado masu siffar ƙwai da gidan maƙeran zinariya na Fabergé ya fara yi wa sarakunan Rasha a 1885: dalaye kan zane.

Har da na bayan faranti. Ƙarfe ya fi gilashi buɗewa da tsukewa in ya yi zafi ya huce, don haka in gefe ɗaya kawai aka rufe, farantin zai lanƙwashe gilashin ya tsattsage. Sai a rufe bayan ma don ƙarfin ya daidaita. Dalayen baya, shi ke nan, ba sai an yi dogon bayani ba.

11. Wani ya tambaya ko za ta ɗauki farin da ke kan haƙori, tunda suna ɗaya suke da shi a Turanci. Ba za ta ɗauka ba, ɗan uwa, babu gilashi a bakin kowa. Wannan a bar wa likitocin haƙori su kawo tasu.