Uba raino yake yi, ko taya uwa yake?

Baban Biyu: Jama'a, ga zancen da nake so a warware. Ni dai a wurina raino aikin uwa ne. In uba ya zauna da yara wuni guda, taimako ya yi, kuma ya cancanci godiya.

Maman Yara: Yaya, godiyar me? Ana taya mutum abin da yake nasa shi kaɗai. Yaron da ya tashi ƙarfe biyun dare jikinsa zafi rau, ya yi amai a zanin gado, naku ne ku biyu.

Baban Biyu: To ni zan shayar da shi?

Maman Yara: Nono kam sai uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a ba jariri nono zalla wata 6. Amma wanka, canjin kunzugu, rarrashi, kai shi allurar rigakafi, wanne ne hannun namiji ba zai iya ba?

Kawu: Ku bi a hankali, 'ya'yana. Wanda ya fita neman abin da za a ci, shi ma ai kula da yaro yake.

Anti Malama: Kawu, gaskiya ne, sai dai mata da yawa yanzu fitar suke yi, su dawo su tarar da rainon na jiransu. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali da ba a biya, mata ne ke yi. Abin haushin, in mai raino ta yi shi a gidan raino sai a kira shi sana'a, a biya ta albashi. Uwa ta yi irinsa, a ce ba ta aikin komai.

Kawu: Nan kam kin kama ni.

Anti Malama: Sashe na 18 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ɗora nauyin tarbiyya kan iyaye biyu. Ƙasar Suwidin kuwa tun 1974 take ba uba hutun haihuwa kamar uwa.

Baban Biyu: A ba ni hutun tukun, Anti. Ranar da aka haifi 'yan biyuna, maigidana a wurin aiki waya yake ta yi yana tambayar yaushe zan shigo.

Maman Yara: Wannan kukan da shi za ka yi, Yaya. Asabar da Lahadi fa, wa ke kiranka?