Wai Najeriya ta fi sayarwa a kan saye, to ina kuɗin suka shiga?

Malamin Lissafi: Salam jama'a. Yau mun yi ta ja da wani abokin aikina a ɗakin malamai har aka kaɗa ƙararrawa bamu gama ba, nace bari na kawo muku. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS tace a 2024 kayan da Najeriya ta fitar waje sun kai wajen naira tiriliyan 77, waɗanda ta shigo dasu kuma tiriliyan 60 da ɗoriya, kunga an samu rarar kusan tiriliyan 17 kenan. Ni nace ko ba komai an kama hanya, ƙasar da ke sayarwa fiye da yadda take saye ai ba a ce mata tana nutsewa ba. Shi kuma yace tatsuniya ce.

Ɗan Kwari: Wslm Malam. Abokin naka yafi ka gaskiya, kayi haƙuri. Kazo Kantin Kwari na nuna maka rarar da idonka. Ni da nake sauke kwantena ta ni kaɗai daga China yanzu mu huɗu muke haɗa kuɗi mu cika guda ɗaya kowa da dilolinsa an rubuta suna da maka a jiki, kuma ko ta iso sai kaya su kwana su wuni a shago, mace tazo ta ɗaga turmin atamfa ta juya ta tambayi kuɗi ta ajiye tace zata dawo, kai ma kasan ba dawowa zatayi ba. Idan mun rage shigo da kaya don aljihu ya bushe sai ace ƙasa ta ci riba?

Malamin Lissafi: To amma Alhaji ai ba shigo da kaya ne kaɗai ya motsa ba, fitarwa ma ta ƙaru

Tsohon Ma'aikacin Banki: Malam kai da kake koyar da lissafi, ɗauko alli. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Aka saki naira, a 2024 ta koma yawo a wajen 1,500. Gangar ɗanyen mai ɗaya da aka sayar, dalar da ta kawo bata canza ba amma in ka rubuta ta da naira sai ta ninka sau uku. Raba tiriliyan 17 ɗin nan da 1,500, zaka samu dala biliyan 11 da ɗan wani abu. Da a tsohon farashi ne da tiriliyan 5 za'a rubuta, babu wanda zai buga ganga a kai.

Malamin Lissafi: Yallaɓai na yarda lambar ta kumbura. Amma faɗuwar naira ai duka ɓangarorin biyu ta kumbura, har da na shigowa. Da giɓi ne da giɓin ne zai kumbura. Dala biliyan 11 ɗin ma ai rara ce, ba bashi ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Nan kam ka kama ni, rara ce. Saura tambayar me muka sayar.

Hajiya Mai Kayan Kicin: Ni dai ku fassara min da Hausar kasuwa, tukunyar da nake sarowa kuɗinta ya ninka, rarar nan a wane banki ake karɓa 😂

Ɗan Kwari: Hajiya in kin samu layin ki riƙe min wuri

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da muka fitar ɗanyen mai ne, in ka ɗora iskar gas a kai sauran ɗan kaɗan ne. Kuma shi man ba duka kuɗinsa ne na gwamnati ba, kamfanonin da ke haƙowa suna da kasonsu, wani man ma an riga an ci bashi a kansa tun yana ƙasa. Sannan lissafin NBS ɗin nan na kaya ne zalla, abin da ake lodawa a jirgi. Kuɗin makarantar yaran da ke Ingila da Masar, jinyar Indiya, kujerar Hajji da Umara, ruwan bashin waje, duk dala ce ke fita kuma babu su a wannan shafin. Shi yasa zakaji rara a rediyo kaje kasuwar 'yan canji ta Wapa ka tarar dala na nan inda take.

Baffan Dawanau: Ina ta karantawa ina shiru amma Alhaji na Kwari kayi mana adalci. Ku da kuke shigowa da kaya kun ji jiki, mu da muke fitarwa ba haka labarin yake ba. Kazo Dawanau lokacin kakar riɗi kaga motoci daga Jigawa da Nasarawa da Binuwai, mata na zaune cikin sito suna tankaɗe suna tsince tsakuwa, a zuba a buhu a auna a ɗinke a loda sai Legas, daga can sai China da Japan da Turkiyya. Zoɓo Mexico yake tafiya, mutanen can suna shansa kamar mu. Manomin riɗin da na sani shekara da shekaru a kan keke yake zuwa, bana da mashin sabo yazo har da ledarsa bai cire ba. Faɗuwar nairar da take kashe ku ita ta ɗaga shi.

Ɗan Kwari: Baffa Allah ya ƙara buɗi, ba hassada. Amma tambaye shi nawa ya sayi buhun taki da maganin feshi, shi kanshi mashin ɗin daga ina aka kawo shi? Da hannun dama ya karɓa da na hagu ya mayar.

Baffan Dawanau: Ya dai rage wani abu a tsakiya tunda har ya hau mashin

Ɗalibar BUK: Baffa ni abin da ke damuna ɗanye muke fitarwa. Riɗin ya tafi a matse mai a can, yazawa ta tafi Vietnam da Indiya a ɓare ta a can, fatar Kano ta tafi Italiya ta dawo takalmin da bazamu iya saya ba. Koko ma da ya ɗaga lissafin 2024 ba don mun ƙara noma bane sosai, farashinsa ne ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya saboda amfanin ya lalace a Ghana da Kodebuwa. Ranar da gonakinsu suka farfaɗo fa? Citta kuma kunga yadda cuta ta cinye ta a kudancin Kaduna a 2023, shekara ɗaya ta durƙusar da mutanen Kachia.

Malamin Lissafi: Shi yasa nake kallon matatar Dangote. Ganga 650,000 a rana. Fetur na cikin manyan abubuwan da ke cinye mana dala, mu fitar da ɗanye mu sayo tatacce kamar mai saida gero ya sayi fura. In wannan ƙofar ta toshe ai rarar ta zama ta gaske.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wannan hujjar taka tafi ta farko ƙarfi Malam, sai dai kar ka jingina ta da 2024, don sai a watan Satumba na shekarar matatar ta fara fitar da fetur, kusan duk shekarar da na waje muka sha. Kuma ita kanta matatar tana sayo wani ɗanyen man daga Amurka saboda na gida baya isarta, to kaga shi ma shigowa ne. Amma eh, taki samfurin yuriya da ake kaiwa Brazil da man jirgin sama da ake fitarwa, waɗannan sarrafaffu ne, ba zan musa ba.

Na Maraɗi: Ina gaisuwa manya. Ni tambaya gareni, shanu da raƙuma da wake da suke shiga ta Jibiya da Illela da Maigatari, da masara da kayan masarufi da suke fitowa zuwa wajenmu, wa yake rubuta su? Tunda naira ta faɗi mai sefa in ya shigo kasuwar Katsina ji yake kamar sarki, kaya na fitowa dare da rana ta hanyoyin da ba kwastan. Ko lokacin da aka rufe boda a 2019, da bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ragewa akayi ba tsayawa ba.

Ɗalibar BUK: Da shinkafar da ake saukewa a Kwatano, a takarda ta Benin ce a tukunya tamu ce

Na Maraɗi: Yauwa ƙanwata. To in ba'a ƙirga wannan ba ba'a ƙirga wancan ba, ta ina aka san rarar 17 ce ko 10 ko 25?

Ɗan Kwari: Ni dai abin da ke min ciwo atamfar da nake sayarwa da a Kakuri ake saƙa irinta, babana a masaƙar Kaduna yayi aiki har ya bari, yau ni ɗansa ina jiran jirgi daga Guangzhou. Malam ka koma ka cewa abokinka ni ina bayansa.

Malamin Lissafi: Zan faɗa masa rabi nashi rabi nawa. Yallaɓai in ka samu alƙaluman da dala na shekara biyar a jere ka turo, da wanda aka cire mai a ciki, mu sake zama.

Baffan Dawanau: In za'a cire mai a bar min riɗi na a ciki dai

Hajiya Mai Kayan Kicin: Har yanzu ba wanda ya faɗa min bankin