Wane sikirin gad za ni sa ma sikirin na motar lantarki? Rana ta hana ni gani

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna ya kawo BYD Atto 3 kuma ni ka tuƙa shi da ita, mota lahiya lau sai dai sikirin ɗin nan babba da ka juyawa, da azahar ta yi ko muna hanyar Bodinga da la'asar wallahi ba ka ganin komi sai fuskarka da kujera, ga tabon yatsu ko'ina, kuma esi da taswira da kamarar ribas dut a cikinsa suke. Na duba intanet na ga sikirin gad iri-iri, akwai mat wato marar sheƙi, akwai mai sheƙi, akwai na leda akwai na gilas. Wanne ya dace da ranar Sakkwato? Kuma ba ya hana taɓawa aiki?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ɗauki na gilas mat, kar ka ko kalli na leda. Aikin mat shi ne samansa ba sumul yake ba, yana da ɗan kaushi-kaushi da ido bai gani, to in haske ya faɗo sai ya watse maimakon ya dawo ma ido kai tsaye. Shi ya sa kuma tabon yatsa bai fitowa sosai. Leda kuwa a bazara da zafi ka wuce digiri 40, mota na ajiye cikin rana a rufe, marar kyau gefenta ya kan fara ɗagowa ƙura ta shige ƙarƙashi, shi ke nan ta lalace. Taɓawa ba matsala, kaurin gilas ɗin wajen milimita 0.3 ne, irin na waya ne aka ƙara ma girma. Abin da za ka kula shi ne awo, Atto 3 akwai mai inci 12.8 akwai mai 15.6, auna naku kahin ka yi oda, kuma tunda yana juyawa kar gilas ya ɗara baki ko kaɗan.

Hajiyar Arkilla:
Ni dai ina da ja a nan. Mat na rage kaifin hoto, wannan ba a musu, rubutu ya kan yi ɗan dishi-dishi kuma baƙi ya koma toka-toka. Da rana ba za ka damu ba amma da dare in za ka yi ribas a lungu babu wuta, yara na wasa bayan mota, kamarar nan ita ce idonka. Ni mai gidana ya sa min wani mai arha a tawa, na sa aka cire saboda haka. In dole sai mat to nemi mai laushin saman, ba wanda in ka shafa ka ji kamar takarda ba. Akwai kuma wanda ake shafa ma wani sinadari irin na tabarau na likita, shi yana rage madubin ne ba tare da dusashe hoto ba, ya fi tsada kuma yana nuna yatsa, amma ni shi na fi so.

Malamin Jami'a:
Hajiya ta faɗi gaskiya, Mai Gyara ma haka. Abin da za ni ƙara, ku bar ruɗuwa da 9H da anka rubuta bisa kwali, awon taurin fensir ne, ba wai yashi bai iya karce shi ba. Yashi ya fi gilas tauri. Ƙurar hunturu da ka kwantawa bisa sikirin in ka sa gefen riga ko tishu ka goge a bushe, karce kake yi a hankali, kuma wanga ne ma babban dalilin da zan ce a sa gad ɗin, gara shi ya karce a canza da a ce sikirin na mota ne. Hura ƙurar tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, ɗan danshi kaɗan, ban da ruwan wanke gilas.

Kar ka sayi irin wanda ka ɓoye sikirin daga gefe, direba ai daga gefe yake kallo, duhu za ka gani. Sannan in kana sa baƙin tabarau mai tace haske, gwada cire shi, wasu in sikirin ya miƙe tsaye sai ya yi musu baƙi ƙirin, ba laihin rana ba ne. Ka riƙa jan labulen gilashin rufi ma, haske da yawa ta nan yake sauka. Mu nan jami'ar Danfodiyo tun 2021 anka sa wurin caji mai sola lokacin Jelani Aliyu na shugaban hukumar ƙera motoci, don haka ina jin daɗin ganin motocin nan na ƙaruwa cikin gari.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai Hajiya, Malam Allah ya saka. Na auna, 12.8 ne. Zan nemi mat mai laushin in gwada ribas da dare kahin in bar shi. Mai Gyara, ni zan iya liƙawa ko sai na kawo ma?

Mai Gyaran Waya:
Za ka iya. Yi da sassafe mota ba ta ɗau zafi ba, rufe gilasai ka kashe esi don iska kar ta taso ƙura, kashe sikirin ɗin, bi da sitikar da ke cikin kwalin ka ɗauke ko wane ɗigon ƙura. Sa daga gefe guda ka saki a hankali, in kumfa ta tsaya tura ta baki da katin ATM naɗe cikin ƙyalle. Nemi mai guda biyu a kwali in akwai.