Inda Takardun da Aka Turo ta Imel Ke Ɓuya a Kwamfuta

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga amsoshin da mutane suka bayar kan tambayar ɗan uwanmu na Gusau, wanda ya gyara takardar da aka turo masa ta imel, aka ɗauke wuta, ya neme ta ya rasa.

1. Kusan baki ya zo ɗaya: in da manhajar imel ta Outlook ya buɗe ta, a danna maɓallin Windows tare da R, a cikin akwatin da zai bayyana a rubuta %LOCALAPPDATA%\Microsoft\Windows\INetCache\Content.Outlook. Ɓoyayyar folda ce, a cikinta akwai wata mai sunan haruffa barkatai. Nan za a duba, kuma a hanzarta, don Outlook kan goge abin da ke ciki.
2. Masu amfani da manhajar imel ta Thunderbird su rubuta %TEMP% a cikin akwatin nan.
3. Masu buɗe Gmail a burauza kuwa, su duba foldar Downloads.

Inda aka rabu: wasu sun ce a shiga rajistar Windows (ma'ajiyar saitunan Windows) a nemo OutlookSecureTempFolder, wanda ke nuna inda wannan folda ta Outlook take, wasu suka ce kada wanda bai ƙware ba ya taɓa ta. Ina bayan na biyun, kuskure ɗaya a can kan jagula kwamfuta.